Karofi da Jirgin Ƙasa: Yadda Rini Ya Ja Baya a Arewacin Zamfara

Mu da muka tashi a gidan marina mun san cewa rini ba aikin mutum ɗaya ba ne. Manomi ne ke yanko baba, a daka ganyen, a cura, a shanya. Mata su kaɗa auduga, masaƙa su saƙa fari, sannan kaya su iso karofi. Ramin kansa da laso ake shafe shi, wato katsin da aka kwaso daga gindin tsohon rami aka ƙona, aka kwaɓa da gashin majema. A zuba ruwa da toka da baba, a bar shi kwanaki ya ruɓa, ana motsawa da muciya. Gwani da wari da kalar kumfa yake gane ramin ya nuna. Zane na fitowa kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi, sai mabuga su daka shi da shuni har ya yi walƙiya.

Kano ce cibiyar sana'ar, da karofin Ƙofar Mata da rawunan garin Kura, amma ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda na da abin da rini ke bukata: auduga, da ruwan Bunsuru da Gagare, da masu saye. A da, Buzaye da Fulani kan sauko daga arewa zuwa kasuwar Alhamis ta Shinkafi, su sayar da dabba su sayi baƙin zane.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya. Jirgin da ya riƙa kwashe gyaɗa da auduga zuwa kudu shi ne ya riƙa dawowa da galura da atamfa. Audugar da mata ke kaɗawa ta koma hannun 'yan awo, masaƙa suka ragu, farin da ake kawo mana ya ragu. Galura kuwa a tukunya ake dafa ta a kan murhu, a gama cikin yini guda. Wa zai jira rami mako guda? Iyayenmu da yawa suka koma rinin shadda a duro.

Abin da ya rage sai rashin tsaro ya ƙarasa shi. Gonakin nesa sun gagari manoma, kuma a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi, na wani lokaci.

Yashe tsohon rami aikin 'yan kwanaki ne, baba ma zai tsiro in an shuka. Wanda zai sunsuna ruwa ya ce toka ta yi kaɗan shi ne ke ƙaranci, domin wannan sani a bakin rami ake koyonsa, kuma masu shi sun tsufa. Duk mai son farfaɗo da rini a Zamfara, ya fara da kai yara wurinsu tun suna raye.