Badagry: Inda Iyakar Najeriya da Benin Ta Gangara Teku

Badagry gari ne a ƙuryar kudu maso yammacin Najeriya, cikin Jihar Legas, kimanin kilomita 60 yamma da tsakiyar birnin Ikko. Daga shi zuwa Seme, inda ake tsallakawa Jamhuriyar Benin, tafiya ce ta kusan kilomita 20. Garin bai zauna a kan teku kai tsaye ba. A gabansa akwai wani dogon ruwa mai kwanciya wanda ya taso daga Porto-Novo ya miƙe har Ikko, a hayin ruwan kuma akwai siririyar tudun rairayi mai suna Gberefu, sai a bayanta tekun Atlantika yake. Wannan shimfiɗa ita ce ta yi garin. Igiyar teku a wannan gaɓa tana da ƙarfi, ba ta barin babban jirgi ya matso, don haka a zamanin da jiragen Turawa sukan tsaya can nesa, ’yan kwalekwale su yi ta jigila tsakaninsu da tudu. Ruwan ciki kuwa lafiyayye ne, kwalekwale yana bin sa rani da damina. Ƙasar wurin yashi ce, shi ya sa kwakwa ta fi kowace bishiya yawa, kuma damina biyu ake yi a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba.

Iyakar Najeriya da Benin, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 800, a nan ta faro. Daga bakin teku ta yi arewa, ta ratsa ƙasar Yarbawa da ta Bargu, ta je ta tsaya a bakin Kogin Kwara kusa da Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Mutumin Geza ko Tsamiya ko Illo da mutumin Badagry kan layi ɗaya suke zaune, ɗaya a kai ɗaya a gindi, kuma abin da ya taɓa iyakar a can yakan taɓa ta a nan.

Tarihin baka na mutanen garin yana kai kafuwarsa zuwa wajen shekarar 1425, a matsayin ƙauyen masunta da manoma. Amma bunƙasarsa ta zo ne bayan shekara ɗari uku. Sarki Agaja na Dahomi ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, mutanen waɗannan garuruwa suka watse gabas suna neman mafaka a bakin ruwa. Da yawansu suka sauka Badagry, kuma su ne kakannin mutanen Ogu, waɗanda ake kuma kira Egun, da suka fi rinjaye a garin har yau. A 1736 wani ɗan kasuwa mutumin Holan mai suna Hendrik Hertogh ya kafa gidan ciniki a wurin. An kashe shi bayan shekara biyu, amma kasuwar da ya buɗe ta ɗore. Kowane rukunin baƙi ya kafa unguwarsa da shugabanta, har suka zama unguwanni takwas, cikinsu akwai Jegba, da Boekoh, da Posukoh, da Ahovikoh. Wannan ya sa Badagry ta daɗe ba ta da sarki guda mai cikakken iko, rigima tsakanin masu unguwanni ba ta yankewa.

Hajar da ta raya kasuwar bayi ce. Daular Oyo ce ke turo su daga tudu, a tara su a kasuwar Vlekete, a tsallaka da su ruwa zuwa Gberefu, su taka yashi a ɗaure har bakin teku. Arzikin da garin ya samu ya jawo masa hassada, Dahomi ta auka masa a 1784 ta rushe shi, daga baya ya farfaɗo. Wannan babi ya shafi Bahaushe kai tsaye. Bayan ɓarkewar jihadi a 1804, yaƙe-yaƙe sun yawaita a ƙasar Hausa da Nupe da Barno, waɗanda aka kama kuwa ana gangarowa da su ta Oyo zuwa tashoshin wannan gaɓa, wato Ikko da Badagry da Porto-Novo da Wida. Mafi yawansu Bahiya aka kai su, a ƙasar Burazil. Hausawan Bahiya sun tayar wa iyayengijinsu a 1807 da 1809 da 1814, kuma a babban boren Musulmi na 1835 akwai su a ciki tare da Yarbawa. Wanda ya tsaya a bakin Gberefu yau, inda ake kai baƙi su ga hanyar da bayi suka bi, ya kamata ya san cewa cikin masu takun akwai ’yan uwansa, wasu ma da karatun allo a kansu.

Hanyar da ke gangaro da bayi ita ce kuma ta haura da Turawa zuwa arewa. A ranar 7 ga Disamba 1825 Hugh Clapperton ya tashi daga Badagry tare da baransa Richard Lander, da nufin komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Suka bi ta tsohon birnin Oyo, suka shiga Bargu. A Kayama suka tarar da babban ayarin fataken Hausawa da ke dawowa daga Gwanja da goro. Suka tsallake Kwara a yankin Busa, suka isa Kano a Yulin 1826, daga nan sai Sakkwato, inda Clapperton ya rasu a ranar 13 ga Afrilu 1827. Lander ya komo Badagry. ’Yan kasuwar Fotugal suka yi masa sharri cewa ɗan leƙen asiri ne, aka tilasta masa shan gubar rantsuwa, ya tsira. A Maris 1830 ya sake sauka garin da ƙanensa John. A cikin abin da suka rubuta sun ambaci malamai Hausawa da ke zaune a Badagry, da yadda Musulmin garin suka yi Sallar Azumi a idonsu. Ke nan zaman Bahaushe a wannan gari ya girmi zuwan mishan. Daga nan ’yan uwan biyu suka wuce Busa, suka haura Yawuri suka yi makonni, sannan suka bi kogin har ya kai su teku a Nuwamban shekarar.

Mishan sun iso a 1842. Thomas Birch Freeman ya sauka a watan Satumba, Henry Townsend ya biyo shi a Disamba, suka yi addu’ar Kirsimeti a gindin wata bishiya da ake kira Agia, wadda ta tsaya har 1959 kafin guguwa ta kayar da ita. A 1845 aka kammala gidan benen mishan, wanda mutanen garin ke alfahari da shi a matsayin bene na farko a Najeriya. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin Kano da Katsina sun san soro mai hawa tun kafin nan; abin da ya tabbata shi ne, gidan yana cikin tsofaffin gine-gine irin na Turawa da suka rage a ƙasar. Siyasar Ikko kuma ta dinga zubowa garin. Sarkin Ikko Akitoye ya yi gudun hijira a nan bayan abokin hamayyarsa Kosoko ya kore shi a 1845, rikicin magoya bayan ɓangarorin biyu ya ƙone yawancin garin a 1851. Ingila ta karɓe Ikko a 1861, ta haɗa da Badagry a 1863. Daga nan ciniki ya koma Ikko mai tashar da jirgi ke iya shiga, Badagry ta zama gari na gefe.

Mutumin da ya fi shahara a wancan zamani shi ne Seriki Williams Abass. An kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Burazil, ya dawo ya zama dillalin bayi shi kansa, da gida mai ɗakuna 40 na tsare mutane. Daga baya ya shugabanci Musulmin garin, Turawa suka ba shi mulkin yankin, ya rasu a 1919. Gidansa yana nan an mayar da shi gidan tarihi, haka ma tsohon ofishin Di’o, da ɗakin ajiye sarƙoƙi na gidan Mobee.

Layin iyaka kuwa a Turai aka zana shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1889 ta raba gaɓar teku, ta bar Badagry ga Ingila, Porto-Novo ga Faransa, ta raba mutanen Ogu gida biyu. Ta 1898 ta yi wa Bargu irin wannan yanka, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Badagry tana da mutum kimanin 240,000. Ogu da Yarbawan Awori su ne ’yan ƙasa, sarautar garin kuma ana kiranta Akran, daga unguwar Jegba take fitowa. Sana’o’in gado su ne kamun kifi da noman kwakwa da rogo da saƙar tabarma, kuma har yanzu dodannin Zangbeto suna tsaron unguwa da dare. Hausawa suna cikin kasuwar Agbalata da kayan gwari da hatsi, suna Seme suna canjin sefa da naira, babbar matattararsu kuwa ta kasance Alaba Rago da ke Ojo a kan hanyar Ikko, inda aka saba sauke dabbobin arewa. Ma’aikatan gwamnati daga arewa da yawa sun san garin ta dalilin kwalejin horar da manyan ma’aikata da ke Topo, ɗaliban Faransanci kuma ta dalilin cibiyar koyon harshen da aka kafa a Ajara a 1991. Ikko tana ta faɗaɗowa yamma, masu neman haya mai sauƙi suna sayen filaye, masu shan iska suna cika bakin teku ranar hutu.

Duk da haka abincin garin a kan iyaka yake. A Oktoban 2018 Shugaba Buhari da Shugaba Talon na Benin suka buɗe sabon ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme. Ba a yi shekara ba, a Agustan 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da mai, a Nuwamba kuma aka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wahalar da wannan doka ta jawo wa ƙauyukan Badagry ita ce ta sami ƙauyukan Bagudo. An sake buɗe iyakokin Seme da Illela a Disamban 2020, ta Kamba sai a Afrilun 2022. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka fara maganarta tun zamanin Shugaba Shehu Shagari. An tsara ta tashi daga Illela, ta ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, ta ƙare a Badagry.