Mai Hali Ɗaya Da Mai Sāke Hali A Littattafan Hikaya Na Farko

A cikin shekarar 1933 Dokta R. M. East, shugaban Ofishin Fassara na Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labaru na ƙagawa da Hausar boko. Daga wannan ƙoƙari aka sami littattafai 5: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ku 'yan makaranta na Kankiya da Kusada, ku sani ƙasarku ta Katsina tana da rabo babba a ciki, gama Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, Malam Bello Kagara kuwa, mai Ganɗoki, yayansa ne.

To, in kun lura, mutanen cikin hikaya iri biyu ne. Akwai wanda halin da ya shiga labari da shi, da shi zai fita. Akwai kuma wanda abin da ya same shi yakan juya masa zuciya, har ya zama wani mutum dabam.

Ku dubi Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja. Kowane gari suka gamu da Alhaji Imam, sai wannan ya cuci wancan, wancan ya rama. Gari yana sākewa, dabara tana sākewa, amma Zurƙe yana nan yadda muka san shi. Mawallafin da gangan ya bar shi haka, domin daɗin labarin shi ne mu san halinsa, mu zuba ido mu ga inda zai ɓullo. Haka Umar na littafin Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa: an sace shi yana yaro, an ƙetare Hamada da shi cikin bauta, duk da haka haƙurinsa da tsoron Allah ba su gusa ba.

Jiki Magayi kuwa, wanda Malam John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Dokta East, wata hanya ya bi. Abubakar saurayi ne mai son Zainabu, sai attajiri Malam Shaihu ya aure ta da ƙarfin dukiya. Baƙin ciki ya ci zuciyar Abubakar, ya bar gida ya shiga duniya neman asirin da zai rama. Asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa, yaron ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Wanda muka fara jin tausayinsa, shi ne muka ƙare muna jin tsoronsa.

Abin lura a nan, tafiya kaɗai ba ta sāke mutum. Umar da Abubakar duk an zalunce su, duk sun sha wuyar hanya. Ɗaya ya riƙe haƙuri ya zama malami, ɗaya ya riƙe ƙullaci ya halaka gida guda, shi ma bai tsira ba. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, amma waɗannan malamai sun nuna mana akwai zuciyar da fushi ke iya sāke mata zane.

Saboda haka in kun ɗauki littafi, ku auna mutumin a shafin farko, ku kuma auna shi a na ƙarshe, sa'an nan ku tambayi kanku abin da ya juya shi, ko abin da ya tsai da shi. Allah ya ba mu hali nagari, amin.