Ranar da Nana Asma'u Ta Ajiye Larabci Saboda Mu

'Yar uwa, ke da kike Gwandu ko Kalgo, kin san cewa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu a ƙasar nan tamu ta yi 'yanmatancinta? An haife ta a Ɗegel a 1793. Bayan cin Birnin Kabi a 1805 jama'ar Shehu suka sauka Gwandu, tana da kamar shekara 12. A nan ta ga tashin hankalin da ya biyo bayan yaƙin Alwasa, lokacin da abokan gaba suka taso har bakin gari. Cikin shekarun nan kuma aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima.

To ga abin da ke ba ni mamaki. Wannan baiwar Allah Bafulatana ce, Fulatanci ta sha a nono, Larabci kuwa a gidansu kamar ruwan sha ne. Dubi baffanta Malam Abdullahin Gwandu, mai Liya'ut Ta'awili, ai da Larabci ya yi manyan littattafansa. A zamanin da Larabci ake auna malami. Ita ma da shi ta fara, littafinta Tanbihul Gafilina na 1820 Larabci ne, kuma har malami daga Muritaniya ta yi wa waƙar maraba da shi. Da ta tsaya a nan, wa zai ce ta gaza? Masu karatunta malamai ne, sun san ta, ta san su.

Amma sai ta waiwaya ta dubi cikin gidaje. Yaƙe-yaƙe sun tara mata Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa, wasu kamammu ne aka kawo su ba da son ransu ba, ba su jin Fulatanci balle Larabci. In ciwo ya kama yaro ko haihuwa ta yi gardama, bori suka sani. Ƙauyuka kuma cike da matan aure da ba su taɓa riƙe allo ba. Waɗannan su ne sababbin masu sauraronta, kuma wallahi ba ƙaramin aiki ba ne wanda ya saba magana da malamai ya koyi magana da mai daka.

Sai ta koma Hausa. Wajen 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Da ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafin nasiha da Larabci a kan salihan mata, ita ta ƙera shi waƙa, ta fito da Tawassuli ga Mata Masu Albarka wajen 1837. Abin da ya fi burge ni, ba ta tsaya kan matan Annabi da su Rabi'atul Adawiyya ba, ta sa har matan da aka sani a gari, irin su Inna Garka mahaifiyar Bello. Kin ga mai sauraro za ta ce ashe ta kusa ma tana iya kaiwa. Ta kuma jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeruwar waƙa, wadda mace za ta hardace tana kaɗi.

Ta san matan aure ba za su iya barin gida ba, sai ta kafa 'yan taru. Tsofaffi da 'yanmata su taso daga ƙauye ƙarƙashin jaji, su zo su ɗauki karatu, su koma su rera wa na cikin kulle. Jajin kuwa malfa take naɗa mata da jan ƙyalle. Malfar nan fa irin wadda Innar Gobir, shugabar 'yan bori, ke sawa ce. Wata malamar da ko taɓa ta ba za ta yi ba. Nana ta ɗauka ta ɗora a kan mai koyar da alwala da salla.

Ta rasu wajen 1864, kabarinta yana Hubbare a Sakkwato. Larabcinta yau sai masu bincike ke buɗewa, amma waƙoƙin Hausar nan an daɗe ana samun tsofaffi a ƙasar Sakkwato da suka hardace su daga bakin kakanninsu.