Keso: Tarihi da Siffofin Adadin 20,000 a Ƙidayar Hausa

Kafin zuwan sulalla da takardun kuɗi, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa. Kasancewar darajar wuri guda ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tilas fatake suka saba da manyan adadi. A wannan nazari mun ɗauki adadi ɗaya, wato 20,000, yawan wurin da ake zubawa a jakar tabarma da ake kira keso, domin mu nuna cewa tsarin lissafi ne ya tsayar da shi.

A shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga yadda ake ƙidayar wuri a Tasawa, cikin jihar Maradi ta yanzu. Mai ƙirga yakan ja biyar-biyar da yatsu, ya tara su tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. Ashirin ita ce hauya, ɗari kuwa zangu. Ke nan keso ɗaya hauya 1,000 ne, ko zangu 200, ko tsibi 100 na metan-metan. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa ɗaya, don haka keso dala 8 ne cif. Barth ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri 300,000,000, wato keso 15,000.

Idan muka warware adadin, za mu tarar da tushe biyu kacal: 2 da 5. An ninka 2 har sau biyar ya ba da 32, an ninka 5 har sau huɗu ya ba da 625, sannan 32 sau 625 shi ne 20,000. Saboda haka cika ne, ba mara ba. Adadi 30 ne ke raba shi ba saura, ciki har da 5 da 20 da 200 da 1,000 da 2,500, waɗanda su ne matakan ƙirgan kasuwa. Ba ya rabuwa uku daidai. Abokan ciniki uku kowa zai sami 6,666, wuri 2 su yi saura. Haka kuma, in an tara duk masu raba shi ban da shi kansa, jimillar 29,203 ce, ta zarce shi, wanda ya sa masana lissafi ke sanya shi a rukunin adadi masu yalwa.

Bayan da gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da wuri a 1904, sannan naira ta maye gurbin fam a 1973, waɗannan kalmomi sun ja baya. Hauya da zangu da keso sun koma cikin ƙamus, miliyan ta ture zambar dubu.

A ganinmu manhaja na iya cin moriyar wannan gado. A gari irin Abaji, a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, inda Igbira da Gwari da Bassa da Hausawa ke haɗuwa a kasuwa, malami na iya koyar da ninkawa da rabawa da masu raba adadi ta amfani da keso, yara na tara tsakuwa biyar-biyar. Muna ba da shawarar a shigar da waɗannan kalmomi cikin darasin ƙidaya na manyan azuzuwan firamare.