Tarihin ciwon hanta da ake kira C

Tun kaka da kakanni mutanen Adar sun san shawara. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, jiki ya mutu. Amma ciwon hanta iri-iri ne. Likitoci sun laƙaba musu haruffa: A, B, C. Labarin C za mu kawo, saboda iyayen da likita ya ce ɗansu saurayi ko ɗiyarsu budurwa na da shi.

Wannan ciwo maɓoyi ne. Yakan yi shekara 20 yana cin hanta, mai shi bai sani ba. A shekarun 1970 wani likitan Amurka, Harvey Alter, ya lura wasu da aka ƙara wa jini suna kamuwa da ciwon hanta, ba A ba, ba B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar. Daga nan aka fara auna jini kafin a ƙara wa mutum.

Ƙasar da ta fi shan wuya ita ce Masar. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 gwamnatinsu ta yi yaƙi da tsargiya, wato fitsarin jini irin wanda yaranmu kan samu wurin wanka a tabki. Aka riƙa jera mutanen ƙauye ana yi musu allura. Niyya mai kyau ce, amma allura ɗaya takan shiga jikin mutane da yawa ba a tafasa ta sosai ba. Ana kashe wata cuta, ana shuka wata. Da aka yi bincike a 2008, sai aka ga kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ƙwayar. Da yawansu manoma ne kamarmu.

To, ka ga hanyar ciwon jini ce. A nan wajenmu, askar wanzami da ba a canza ba, kaciya, ƙaho, shaushawa, allurar mai yawo a kasuwa, duk ƙofofi ne. Uwa ma takan ba jariri, wajen 5 cikin 100. Saboda haka uban da ya hau ɗansa da faɗa, yana zarginsa da lalata, wataƙila ya zalunce shi. Mai yiwuwa tun yaron yana goye ya ɗauka. Kada a ware masa kwano. Cin tuwo tare da shan fura a ludayi ɗaya ba sa yaɗa ciwon. Reza, asawaki da abin yankan farce su ne za a ware.

A dā maganin allurai ne na kusan shekara guda, masu wahalarwa, kuma rabin mutane kawai ke warkewa. A 2013 aka fito da ƙwaya mai suna sofosbuvir. A Amurka kuɗin maganin mutum ɗaya ya kai dala 84,000. Masar ta nemi ragi, sannan ta shiga yin nata mai araha. Daga 2018 ta auna mutum wajen miliyan 50 kyauta, ta yi wa masu ciwon magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Masar ta kama hanyar kawar da shi.

Yau ana shan ƙwayoyi kullum har mako 12, fiye da 95 cikin 100 su warke. Tun 2022 hukumar ta yarda a ba har yara ƴan shekara 3.

Uban da ke Kalfu ko Barmu, ya kai ɗansa babban asibitin Tawa. Awo biyu ne. Na fari yana nuna ƙwayar ta taɓa shiga jiki. Na biyu yana nuna ko tana nan, don wajen mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa. A tambayi likita inda ake yin na biyun da kuɗinsa. A auna uwar yaro da ƴan uwansa. A bar jiƙe-jiƙe, don wasu na ƙara wa hanta nauyi. Rigakafin da ake yi wa jarirai na B ne, C ba shi da rigakafi, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa in aska mai jini ta sake yankarsa.