Daga Matta Zuwa Matiyu: Tarihin Juyin Littafi Mai Tsarki Da Hausa

Maƙalar yau wata 'yar gardama ce ta haife ta, wadda aka yi a gidanmu lokacin addu'ar safe. Ƙanwata ce ke karatu daga wayarta, ta ce kowa ya buɗe Wahayin Yahaya. Kakarmu, wadda ta haura shekara saba'in, ta yi ta juya shafukan tsohon littafinta mai baƙin bango ba ta gan shi ba, domin a nata sunansa Ru'ya ta Yohanna. Da aka yi mata bayani sai ta rufe littafin, ta ce ba za ta saurari abin da yaran zamani suka sake wa kama ba. Kwana uku ba ta zauna da mu ba. Abin ya dame ni, domin na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Shi ya sa na koma ga tarihi in ga daga ina bambancin ya faro, da kuma wanne ya kamata mutum ya riƙe don karatun kullum.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, duk wani Littafi Mai Tsarki da ke hannun Bahaushe juyi ne, haka ma na hannun Bature. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, sai wasu 'yan sassa na Daniyel da Ezra da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Ke nan na kakata da na ƙanwata duk aikin mutane ne da suka zauna suka ɗauko ma'ana daga wani harshe zuwa namu.

Wanda ya fara wannan aiki da Hausa shi ne James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan na ƙungiyar CMS. Yana cikin ayarin da ya shigo kogin Neja a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. A Saliyo ya fara koyon harshen daga bakin bayin da aka 'yanta. Babban taimako ya zo masa ne a 1855, lokacin da Heinrich Barth ya koma Ingila da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne ɗan yankin Damagaram, a Nijar ta yau, wanda aka kama shi bawa yana yaro. Ya zauna a wajen Schön yana ba shi labarai da kalmomi, shi kuwa yana rubutawa. Daga 1857 aka fara buga sassa, ciki har da Bisharar Matta, sannan Farawa da Fitowa suka biyo baya, har Sabon Alkawari ya fito a 1880. Aiki ne na sadaukarwa, amma an yi shi nesa da kasuwa da zaure inda ake jin Hausa tana gudana, kuma masu karatun boko a ƙasar Hausa a lokacin kusan babu su. Don haka bai shiga hannun jama'a ba.

Mataki na biyu na Dakta Walter Miller ne, likita ɗan Ingila, shi ma na CMS. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya, inda fatake da mahajjata Hausawa ke yada zango. A can ya haɗu da wani yaro mai suna Abdul Majid Tafida, wanda ya zama na hannun damansa. A 1900 ya shigo Arewa cikin ayarin Bishop Tugwell, suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su fita. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Daga baya Miller ya zauna cikin birnin Zariya shekaru masu yawa, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa. Bambancinsa da Schön a fili yake: shi ya rayu cikin Hausawa, yana jin harshen safe da yamma, yana da Hausawa a gefensa da za su ce masa ba haka ake faɗa ba. Da haɗin hannun wasu ƙungiyoyin mishan aka kammala cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa, aka buga shi a 1932. Shi ne na hannun kakata.

Wannan juyi na 1932 ya yi tasirin da ya wuce ƙasar Hausa. Ƙungiyoyi irin su SIM da SUM sun yi aiki cikin ƙabilu masu harsuna barkatai a Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, suka ɗauki Hausa ta zama harshen sujada da na makarantun koyon Littafi Mai Tsarki. Ikilisiyoyin da suka fito daga cikinsu, irin su ECWA da COCIN, da 'yan uwansu na yankin Maraɗi a Nijar, duk da wannan littafi suka tashi. Shi ya sa mafi yawan masu karanta shi ba Hausa ce harshen da suka sha a nono ba. Kuma shi ya sa tsofaffi ke ƙaunarsa haka: da kalmominsa aka yi musu baftisma, da su aka ɗaura musu aure, da su suka binne iyayensu.

Sai dai harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya. A zamanin Miller ana rubuta "chikin" a maimakon "cikin", kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su zauna da gindinsu ba sai da hukumar talifi ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, suka yaɗa su. Ga kuma tsarin jimla: juyin 1932 yana bin sawun kalmomin asali kusa da kusa, ta yadda wata ayar sai ka karanta ta sau biyu kafin ka gane wa ya yi me. A ɗaya gefen, ilimin rubuce-rubucen asali ya ƙaru. A 1947 aka fara gano tsofaffin naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, waɗanda suka girme kwafin Ibrananci da aka dogara da su a da da kimanin shekara dubu. Miller bai gan su ba lokacin da yake aikinsa.

A shekarun 1960 kuma wani masanin harshe ɗan Amurka, Eugene Nida, ya yaɗa ra'ayin cewa juyi nagari shi ne wanda mai karatu zai fahimci abin da masu karatun farko suka fahimta, ko da an sauya tsarin kalmomi. Misali zai fi bayyana abin. Idan Ibrananci zai ce mutum ba ya saurin fushi, cewa yake yi yana da dogon hanci. Ka juya wannan kalma da kalma, Bahaushe zai ɗauka kyan fuska ake yabo. Kamar dai ka fassara wa Bature "farin ciki" da cewa cikinka ne fari. Ka bi kalma sau da ƙafa, amma ka yar da ma'ana a hanya.

A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar Bible Society of Nigeria, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabon juyi wajajen 1980. A nan ne Matta ya zama Matiyu, Yohanna ya zama Yahaya, Misalai ya zama Karin Magana, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a, Mai-Wa'azi ya zama Mai Hadishi, Yesu Kristi kuma aka rubuta Yesu Almasihu. Kristi daga Helenanci ya fito, Almasihu kuwa tushensa na Ibrananci ne da ya shigo mana ta Larabci, kuma ma'anarsu ɗaya ce, wato shafaffe. A wannan ƙarni kuma ƙungiyar Biblica ta fitar da Sabon Rai Don Kowa, mai sauƙin Hausa, wanda ya koma ga sunan Yohanna. Sunaye sun yi ta kai da komo, labarin da ke ƙarƙashinsu bai motsa ba.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, daga Dorugu zuwa Tafida zuwa kwamitocin 'yan ƙasa, juyi yana ƙara kyau ne gwargwadon yadda masu jin harshen suka sa baki a ciki. Saboda haka kunnenka ma yana da ta cewa wajen zaɓi. Ga abin da zan ba ɗan uwa ko 'yar uwa shawara a kai.

Na ɗaya, ka karanta gabatarwar littafin kafin ka saya. Ta faɗi wace ƙungiya ce ta yi shi, kuma daga harsunan asali aka juya ko daga Turanci? Aikin kwamiti mai mutane daga ikilisiyoyi daban-daban ya fi na mutum ɗaya aminci, domin wani yana tare kuskuren wani.

Na biyu, ka gwada shi da murya. Kada ka zaɓi Zabura ta 23 da kowa ya haddace. Ka buɗe Romawa sura 5 ko Ibraniyawa sura 7, ka karanta wa ƙaninka ɗan sakandare, ka ce ya maimaita maka abin da ya ji. Wanda ya iya maimaitawa shi ne na karatun kullum.

Na uku, ka duba ko yana da bayanai a ƙasan shafi. A wasu juyi za ka ga an tsallake Ayyukan Manzanni 8:37, ko an saka ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, cikin baka. Dalili shi ne an raba ayoyin Sabon Alkawari da lambobi a 1551 bisa kwafin da ake da su a lokacin, daga baya masana suka koma ga waɗanda suka fi su tsufa, irin su Sinaitikus da Batikanus na ƙarni na huɗu, inda waɗannan ayoyi ba sa ciki. Juyin da ya gaya maka haka a fili ya riƙe amana.

Na huɗu, ka san na ikilisiyarka. Na Katolika littattafai 73 ne, na Furotesta 66, kuma yana da kyau abin da ke hannunka ya yi daidai da wanda ake karantawa a bagade ranar Lahadi.

Na biyar, kada ka jefar da tsohon. Ka riƙe mai sauƙi don karatu, ka ajiye mai bin kalma a gefe don nazari. Duk inda suka bambanta sosai, alama ce cewa ayar tana da wuya a asali, sai ka tsaya ka tambayi fasto ko wanda ya yi karatun harsunan.

A gidanmu yanzu haka muke yi. Kaka ce ke fara karanta ayar daga nata, sannan ƙanwata ta karanta daga waya, mu tattauna. Har yau tana cewa nata ya fi daɗin ji, ni ma ban musa mata ba. Amma ta dawo tabarma, kuma wani lokacin ita ce ke cewa, "Ke, sake karanta min naki in ji."

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, Allah Ya kai mu.