Ƙararrawa da Benci: Waiwaye a Kan Ƙaramar Makarantar Unguwa a Jos

Duk wanda ya yi firamare a Jos, ko ya manta da komai, da wuya ya manta da sanyin safiyar watannin Disamba da Janairu. Gari ne da ke bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga doron teku, saboda haka hunturunsa ba irin na Kano ko Zariya ba ne. Yaro zai fito da guntun wando da riga mai gajeren hannu, ƙafafu sun yi furu-furu duk da man da aka shafa masa, tsintsiya a hammata, yana sauri kada ƙararrawa ta riga shi. Ita kuwa ƙararrawar, a yawancin makarantun da muka sani, guntun ƙarfen dogo ne ko tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a reshen bishiya.

Masana sun yi rubuce-rubuce masu yawa game da Jos, amma galibi a kan kuza ne, ko jirgin ƙasa, ko kuwa rikici. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi wani ƙaramin abu da ba a cika kula da shi ba, wato makarantar unguwa mai azuzuwa shida ko goma sha biyu, mu dubi yadda take tafiyar da yininta, da dokokin da suka riƙa juya ta, da kuma hannun iyaye a cikinta. Tambayar da za ta riƙa bin mu ita ce: wannan makaranta, ta wa ce?

Kuza ce ta haifi Jos ta zamani. Tun kafin zuwan Turawa akwai Birom da Afizere da Anaguta a wannan ƙasa, akwai kuma Hausawa masu narka kuza a Liruwe. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka kafa sansani a Naraguta, ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, aka shata garin a 1915, sa'an nan babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927. Leburori da 'yan kasuwa da akawuna suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauchi da Barno, da kuma ƙasar Yarabawa da ta Ibo. Kowane rukuni kuwa ya zo da irin makarantarsa.

Bahaushe ya zo da makarantar allo. Wannan makaranta, in an lura, ba ta taɓa buƙatar wata ƙungiya ta iyaye ba, domin ita kanta ta iyaye ce. Uba ne ke kama hannun ɗansa ya danƙa wa malam a zaure, shi ke biyan kuɗin Laraba, shi ke yin sadaka idan yaro ya kai wata sura, shi ne kuma ke yanka ran sauka. Malam maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi a masallaci sau biyar a yini. Mutanen Kudu kuwa sun zo da makarantar coci, su ma da kuɗin aljihunsu suka gina ta, kusa da majami'unsu na Angilika da Katolika da sauransu. A karkarar Filato, mishan ne suka riƙe karatu. Ƙungiyar SUM ta sauka Wase a 1904, ta buɗe cibiyarta ta horarwa a Gindiri a 1934, kuma da Hausar boko aka yi yawancin wannan aiki, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Hausa ta zama harshen aji a wuraren da ba ita ce harshen gida ba.

Akwai wata ƙaramar makaranta da ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta, ko da yake ba 'ya'yanmu aka gina wa ita ba. A 1942 'yan mishan na Cocin 'Yan'uwa, waɗanda suka kafa aikinsu a Garkiɗa tun 1923, suka buɗe makarantar Hillcrest a Jos da yara 12 da malama ɗaya, Mary Dadisman. Dalilin buɗe ta damuwa ce irin ta iyaye: ko dai ɗan mishan ya bar 'ya'yansa a Amurka shekara da shekaru ba ya ganin su, ko kuwa ya samar musu makaranta a kusa. Suka zaɓi Jos saboda sanyinta. Aka sa wani magidanci da matarsa su zauna da yaran a gidan kwana a matsayin iyayen riƙo, daga 1955 kuma wasu ƙungiyoyin mishan suka shigo aka riƙa gudanar da ita tare. Abin lura a nan shi ne, masu makarantar da iyayen yaran kusan mutane ɗaya ne. Ta wannan fuska, duk da nisan da ke tsakaninsu, Hillcrest ta fi kama da makarantar allo a kan yadda ta yi kama da elementaren En'e.

Domin ita elementaren En'e daga sama ta sauko. Hukuma ce ta gina, ita ke biyan malami, ita ke ba da allo da littafi, a wurare da yawa na Arewa ma ita ke aika dogari ya kamo yaro. Iyaye ba su da ta cewa, da yawansu kuma ba su so. Dokar ilmi ta Jihar Arewa ta 1962 ta kafa hukumomin ilmi na yanki, waɗanda aka fi sani da LEA, sunan da ya manne wa makarantun gwamnati har bakin talaka ya saba da shi. Rikicin 1966 ya kwashe iyalai masu yawa na Ibo daga Jos, da malamansu da ɗalibansu, azuzuwa suka yi fayau. Zuwa shekarun 1970, yawancin firamaren mishan sun koma hannun hukuma.

Sai aka zo 1976. A watan Fabrairu aka ƙirƙiro Jihar Filato daga tsohuwar Binuwai-Filato, a watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda Janar Gowon ya yi shelarsa tun 1974. An shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Da yake takardar haihuwa ba kowa ke da ita ba, sai a ce yaro ya ɗora hannunsa bisa kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. In ya taɓa, ya isa shiga. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa. Babu mai musun alherin wannan shiri, mu kanmu 'ya'yansa ne. Sai dai ya koya wa iyaye wani darasi da ba a yi niyya ba, cewa makaranta kayan gwamnati ce, kuma kayan gwamnati ba su da mai su.

Mu da muka shiga aji ɗaya wajen tsakiyar shekarun 1980, ga yinin da muka tarar. Kafin ƙarfe bakwai da rabi ana share fili, kowane aji da yankinsa, monita na tsaye da 'yar sandarsa yana rubuta sunayen masu ƙyuya. In an buga ƙararrawa sai a yi layi, gajeru a gaba, dogaye a baya. Malamai su bi layi suna duba farce da haƙora da gashi da wuyan riga. Sai addu'a, Musulmi gefe guda, Kirista gefe guda, sa'an nan a haɗu a rera taken ƙasa, wanda aka sauya a 1978 (aka kuma komo da na farko a 2024), a karanta alkawarin ƙasa, wanda Felicia Adedoyin ta tsara, aka wajabta wa 'yan makaranta tun 1976. Hedimasta ya yi sanarwa, mai ganga ya buga, a yi maci zuwa aji. 'Yan makara kuwa suna durƙushe a bakin ƙofa, suna jiran bulala ko tsallen kwaɗo ko tsintar takardu. Zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 ya ƙara wa wannan ɓangare kaifi.

A aji, kiran suna ne farko, lissafi ya biyo baya tun kai yana sanyi, sai Turanci. Da an fita tara kuwa, duniya sabuwa. Matan unguwa na zaune a gindin bishiya da ƙosai da masa da soyayyen dankalin Turawa da rogo da ƙuli, kuma a nan ne ake ainihin cuɗanya, domin wanda ba shi da kwabo yakan sami mai gutsura masa. Bayan tara sai sanin zaman jama'a, da kimiyya, da addini, inda aji ke rabuwa biyu na rabin sa'a ya sake haɗewa. Ran Juma'a a tashi da wuri. Ga ɗan Musulmi, tashi daga boko ba hutu ba ne, sauya jaka ne kurum, domin makarantar allo ko Islamiyya na jiran sa da yamma. Islamiyyun nan sun ƙara yawa bayan kafa ƙungiyar Izala a nan Jos a 1978, da gasar buɗe makarantu da ta biyo baya tsakaninta da 'yan ɗariƙu, kuma 'yan mata na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsu.

A matsayinmu na ɗaliban harshe, ba za mu wuce batun harshen koyarwa ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro a shekarun farko da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A Katsina wannan magana ba ta da wuya. A Jos fa? Aji guda na iya ƙunsar ɗan Birom da ɗan Ngas da Bayarabe da ɗan Ibo da Bafulatani da Bahaushe. Abin da ya faru a aikace shi ne, malama ta rubuta da Turanci, ta yi bayani da Hausa, sa'an nan a aji biyar a ci tarar wanda aka kama yana yin Hausar. Mun ga yaron da aka rubuta sunansa don ya yi Hausa, alhali monitan da ya kama shi da Hausa ya ce masa ya kama shi. Littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Magana Jari Ce sun shiga hannun wasunmu, amma sa'a ce, ba tsari ba.

Abin da ya dawo da iyaye makaranta ba doka ba ce, talauci ne. Kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, nauyin firamare ya koma wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, albashin malamai ya riƙa makara wata da watanni. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida ya biyo baya a 1986. Wato a daidai lokacin da aka fara neman kuɗi daga iyaye, a lokacin ne iyayen Jos da Bukur da dama suka rasa abin yi. Ita kuwa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, ta rushe ta a 1991, ta sake kafa ta a 1993, kamar mai ɗinki yana warwarewa.

A nan ne ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, ta zama ginshiƙi. A makarantarmu, wadda ba sai mun ambaci sunanta ba, iska ta yaye kwanon aji biyu a wata damina, aka yi ta rubuta takarda ba amsa. Daga ƙarshe aka kira taro ranar wata Asabar. Mahauci ya zo, direban tifa ya zo, tsohon leburan kuza ya zo, ga malamin coci, ga limamin unguwa. Aka yi ta gardama a kan naira nawa za a yanka wa kowane yaro, wani ya miƙe ya ce ai an ce karatu kyauta ne, wani dattijo ya ce masa to ya je ya gaya wa ruwan sama. Aka yi dariya, aka yanka kuɗin, kafintan unguwa ya yafe ladan aikinsa. A shekarun nan ne kuma yaro ke zuwa da bencinsa daga gida, an rubuta sunansa da fenti, ran hutu ya ɗauke shi a ka ya koma da shi. Wanda ubansa ya kasa, ko ya raɓa da aboki ko ya zauna a ƙasa.

Ba mu ce PTA ba ta da aibi ba. An kori yara daga aji saboda kuɗin da doka ba ta san da shi ba, an kuma yi shugabannin da ba sa son a tambaye su lissafi. Har ila yau, littafin taro ba ya nuna gaskiyar wanda ya biya. Sunan uba ake rubutawa, amma sau da yawa kuɗin daga adashin uwa ya fito, ko daga cinikin da take yi a cikin gida, wanda 'yarta ke kai wa talla. Sai ka tarar yarinya ta makara, an yi mata bulala, alhali tallan da ya makarar da ita shi ya biya kuɗin bencin ƙanenta.

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, a tsakiyar shekarun 2000 kuma aka umarci kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa da ya haɗa da wakilan masu unguwa da mata da malaman addini da tsofaffin ɗalibai. A takarda, wannan amsa ce ga tambayarmu: makaranta ta unguwa ce. Sai dai kafin amsar ta iso, unguwar ta sauya. Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, sun sa mutane sun yi ta ƙaura a cikin gari guda, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Babbar kasuwar Taminus, inda iyaye ke haɗuwa ko ba su shirya ba, ta ƙone a 2002. Uwa a Unguwar Rogo ko Gangare, da takwararta a Unguwar Rukuba ko Kabong, kowace ta fara auna makaranta da wani sabon ma'auni: in wani abu ya tashi da rana tsaka, zan iya kaiwa ga ɗana da ƙafa? Malamai ma suka riƙa neman a sauya musu wurin aiki. Ƙananan makarantun kuɗi suka tsiro a lunguna, wasu a gidajen haya, iyaye na biya, suna leƙawa, suna sa baki fiye da yadda iyayenmu suka taɓa yi.

Kwanan baya wani abokin karatunmu ya nuna mana tsohon katin sakamakonsa na aji huɗu, muka zauna muna tuno jerin sunayen da malama ke kira kowace safiya. Mun tuna Dung da Pam, da Chinedu, da Bose, da Nanret, da Sani biyu, babba da ƙarami. Da muka gama, sai ya kira ɗansa da ke aji huɗu a wata makarantar da ke bayan gidansu, ya ce ya lissafa mana 'yan ajinsu. Yaron ya lissafa su tsaf, su talatin da 'yan kai, kuma da za a kira sunayen nan a zauren makarantar allo, babu wanda zai ɗaga kai ya ce an yi baƙo.